Kafin ka sayi ƙwayar barci, fara gane irin matsalar da ke gare ka

Assalamu alaikum ƴan uwa. A nan Yamai da mutum ya ce "wallahi kwana biyu ba na samun barci", kafin ya rufe baki wani ya ce masa ya nemi diyazefam wajen masu yawo da magani, ƙwaya ɗaya sai safe. Wannan shawara tana tayar min da hankali sosai, domin matsalar barci iri-iri ce, akwai ma wadda in ka sha mata wannan ƙwaya ƙara ta za ka yi. Sai an san ciwo ake neman magani.

To ga inda za ka fara. Samu takarda da biro ka aje kusa da shimfiɗa, sati 2 kullum da safe ka rubuta ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa barci ya ɗauke ka a kimance, sau nawa ka farka, yaushe ka tashi, shayi kofi nawa ka sha jiya, goro fa, Nescafé fa, ka yi barcin rana ko ba ka yi ba. Sannan ka tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, uwargida ko maigida ko ɗan uwa, me yake ji me yake gani in kana barci, don kai ba ka san abin da kake yi ba a lokacin.

Mutane da yawa takardar nan kaɗai ta ishe su. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, to wanda ya zauna fada ana zagayen shayi har ƙarfe 2 na dare kuma ya tashi asuba, shi lafiyarsa lau, lokacin barcin ne bai ba kansa ba. Kuma sinadarin da ke cikin shayi da goro da Nescafé mai hana barci, bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan cikin jini, ka ga kenan kofin farko mai ɗacin nan na bayan isha'i yana aikinsa har tsakar dare. A tsaida su daga la'asar. Rashin barcin zafin Afrilu da Mayu kuwa, da ake wuce digiri 40 ga ɗauke wuta fanka ta tsaya, wannan sai dabara, watsa ruwa kafin kwanciya, a yayyafa wa tsakar gida ruwa a fito waje cikin gidan sauro.

Rashin barci na gaske da likitoci ke kira ciwo shi ne ka samu lokaci ka kwanta amma barci ya ƙi zuwa, ko ka farka ya ƙi komawa, aƙalla dare 3 a sati har wata 3, kuma abin yana ɓata maka wuni. Maganin da likitocin barci ke sa wa gaba da kowace ƙwaya shi ne sake horar da jiki. Ka tsaida lokacin tashi guda ɗaya, ko daren ya yi daɗi ko bai yi ba, har ranar Lahadi. Kar ka hau gado sai ka ji barci ya zo. In ka kwanta kamar minti 20 kana ta juyi, tashi ka koma kan tabarma a wuri mai ɗan duhu, ka ɗauki tasbaha ko ka zauna shiru, ban da salula don Allah, ban da duba agogo kana lissafin awa nawa ta rage, sai ido ya yi nauyi ka koma. Ƙailula kar ta wuce minti 30 kuma kar ta kai la'asar. Satin farko akwai wahala sosai, za ka ji kamar abin ƙaruwa yake, ka daure, sai an yi ƴan satittika ake ganin canji. Amma in farkawar ta zo da baƙin ciki, ba ka son abinci, komai ya fita ranka, har kana tunanin mutuwa, wannan ciwon damuwa ne, tafi likita yau kar ka jira. Wanda fitsari ke tayarwa sau da yawa kuma a auna masa sukari, dattijo a duba masa mafitsara.

Matsalar da na fi tsoro ita ce ta masu minshari, domin mu abin dariya muka maida shi. Ƴar uwa ki saurari maigida da kyau. Minsharin yana ta hawa, sai ki ji shiru ɗif, ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga, sakan 10 ko fiye, sai ya zabura ya ja numfashi da ƙarfi kamar an shaƙe shi, ya gyara kwanciya ya ci gaba, shi bai ma san an yi ba. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska kamar tiyon ruwa da aka taka, kuma a dare ɗaya abin yana iya maimaituwa fiye da a ƙirga. Da safe baki a bushe, kai na ciwo, ya yi awa 8 a kwance amma yana gyangyaɗi a huɗubar Juma'a da wajen aiki, tansiyo, wato hawan jini, kuma ta ƙi sauka duk da yana shan magani. Ya fi kama masu ƙiba da masu kaurin wuya, wuyan da ya wuce santimita 40, amma siriri ma yana samu. In an bar shi yana jawo hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ni direbobinmu nake tunawa, mutum ya ɗauko jama'a daga Yamai ya bi Dosso, Dogon Dutsi, Konni har Tahoua, sama da kilomita 500, alhali ƙwaƙwalwarsa ba ta huta ba jiya.

Ki ɗauki sautin a salula minti kaɗan, da shi da takardar nan a tafi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a nemi a tura shi babban asibiti wajen likitan huhu ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Ana tabbatar da ciwon ne da na'urar da ke auna numfashi da iskar jini a cikin barci, mai tsanani kuma ana ba shi injin CPAP da ke hura iska ta hanci duk dare. Kafin nan a rage ƙiba, a kwanta ta gefe a bar rigingine, a bar taba da giya. Diyazefam da tramol kuwa ga mai wannan ciwo haɗari ne babba, ƙara danne numfashin suke. Yaro ma in yana minshari kullum baki buɗe a kai shi likita ya duba maƙogwaron, kar a kai shi wajen wanzami cire beli.

Akwai masu jin ƙafa tana musu kamar kiyashi na tafiya a ciki da zarar sun kwanta, sai sun motsa ta ko sun taka suke jin sauƙi, ya fi kama mata, musamman masu ciki. Sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jiki, a yi awon jini, a kuma daina bin abinci da shayi nan take don yana hana jiki ɗaukar sinadarin.

Dannau kuma kar ya firgita ka. Lokacin mafarki jiki yana kulle gaɓoɓi, to wani sa'in hankali ya riga jiki farkawa, ka ji an danne ka ba ka iya motsi ba ka iya ihu, cikin sakanni ko minti ɗaya biyu ya saki. Yi addu'arka, ka yi ƙoƙarin motsa ɗan yatsa, ka kuma lura ya fi zuwa in barci bai ishe ka ba ko ka kwanta rigingine.

Wanda ya riga ya saba da diyazefam wata da watanni, don Allah kar ka yanke rana ɗaya saboda ka karanta wannan, yankewa farat ɗaya tana iya kawo rawar jiki da firgici har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ɗauki sauran ƙwayoyin ka kai wa likita, ka faɗa masa gaskiyar nawa kake sha a dare da tun yaushe, shi zai tsara maka yadda za a riƙa ragewa kaɗan kaɗan.