Jinin dasashi da ciwon zuciya: kurakuran da aka fi yi

Mutane da yawa in suka tofar da man goge baki suka ga jini, sai su daina goge wajen, wai a bar shi ya warke. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi. Dattin da ke maƙalewa tsakanin haƙori da dasashi, mai cike da ƙwayoyin cuta, shi ke kumbura wurin, kuma in aka bar shi ƙaruwa yake yi. A ci gaba da gogewa a hankali da buroshi mai laushi, minti biyu safe da dare. Dirza da gawayi ko toka ƙara raunata dasashin yake. In an yi mako biyu jinin bai tsaya ba, sai a ga likitan haƙori.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, kumburarren dasashi ƙofa ce a buɗe. Ƙwayoyin cuta na bi ta nan su shiga jini, har an gano irinsu a cikin kitsen da ke toshe jijiyoyi, kuma masu ciwon dasashi mai tsanani sun fi kamuwa da ciwon zuciya. A 2012 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ce alaƙar tana nan, amma ba a tabbatar cewa ɗaya ne ke haddasa ɗaya ba, domin shan taba da ciwon suga suna jawo duka biyun. Don haka kada mai hawan jini ya ɗauka gyaran baki zai ɗauke masa shan magani.

Akwai masu gudun wankin haƙori a asibiti, wai yana sa haƙora girgiɗi. Ciwon ne ya riga ya cinye ƙashin da ke riƙe su, wankin kawai ya cire daskararren dattin da ya ɓoye ɓarnar.

Kuskuren da ya fi tayar min da hankali na masu ciwon zuciya ne. Wani zai je cire haƙori bai faɗa wa likita cewa an sa masa bawul ɗin zuciya (ƙofar wucewar jini da ake dasawa a zuciya) ba, alhali irinsa kan buƙaci maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a taɓa shi, don kada su sauka a kan bawul ɗin. Wani kuma da kansa zai ajiye asfirin ko warfarin, magungunan hana jini daskarewa, don tsoron zubar jini, abin da kan iya jawo gudan jini ko shanyewar ɓarin jiki. A tafi da kwalayen magungunan gaba ɗaya, likita ya yanke. Haka mai shan maganin hawan jini na amlodipine da ya ga dasashinsa na hauhawa yana rufe haƙora: maganin kan jawo hakan ga wasu, kuma likita na iya sauya masa wani, amma kada ya daina sha kafin ya je.