Daga Bakin Tekun Legas Zuwa Gombe: Kurakuran Da Na Gaji Da Gani

Daren Lahadin da ta wuce, wajen ƙarfe goma, ɗan ƙanwata ya kira ni murya na rawa. Sabon ango ne, ya ɗauki amarya sun tafi cin amarci a wani masauki da ke bakin teku can gaba da Ajah a Legas. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, jirgi ya tashi ya bar mu." Ban tambaye shi yadda aka yi ba, don na riga na sani. Ni ma an taɓa yi da ni.

Na fi shekara goma sha biyar ina lodin wake daga kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, kuma tun da yara suka fara wayo nake ɗaukar iyali lokaci-lokaci su je su ga teku. Saboda haka duk wanda zai tafi a dangi ko a majalisa sai ya zo da tambayar nan: jirgi ko mota, wanne ya fi? Sai in zauna in yi bayani, ya ce to, ya tafi ya yi abin da ya ga dama. Shi ya sa na ce bari in rubuta, in an sake tambaya in tura wannan in huta.

Tambayar ma tun farko a karkace take. Mutum yana kwatanta kuɗin tikiti da kuɗin mota, yana kwatanta awa ɗaya a sama da kwana a hanya. Ba haka ake lissafin ba. Ka fara ƙirga daga ƙofar ɗakin da ka kwana a bakin ruwa, ka tsaya a ƙofar gidanka a Pantami ko Jekadafari. Duk abin da ke tsakani, na kuɗi da na lokaci, shi ne tafiyar. Zuwa ba ya ba mutane wahala sosai, don ana cikin ɗoki kuma babu abin da ke jiransu. A dawowa ake yin asara.

Babban kuskuren shi ne kai wa Legas lissafin Gombe. Daga wuraren shaƙatawar Ibeju-Lekki zuwa filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja nisan bai wuce kamar daga nan zuwa Kaltungo ba. Mutumin Gombe ya duba waya ya ga haka, sai ya ce ai awa ɗaya da rabi ne, in an yi yawa biyu. Haka na ce ni ma wata Litinin a watan Disamba. Jirginmu na Abuja ƙarfe 10:30 na safe, na Abuja zuwa Gombe kuma 2:30 na rana. Mu biyar ne, ni da uwargida da yara uku. Mai gadin masaukin, wani dattijo mutumin Azare, tun da dare ya same ni ya ce, "Alhaji, in jirgin safe ne, ku yi Asuba a hanya." Na yi dariya na ce, "Baba, ai ba yau na fara zuwa Legas ba." Gaskiya ne ba ranar na fara ba, amma Legas ɗin da na sani ta Agege da Mile 12 ce, ban taɓa fitowa daga wancan ɓangaren da safiyar Litinin ba.

Mun fito bakwai da rabi, bayan yara sun sake zuwa sun taɓa ruwa sun yi ban-kwana da teku. Tun kafin Sangotedo motoci suka tsaya cak. Babbar hanya ɗaya ce ta ɗauko duk mutanen wannan yanki zuwa wuraren aikinsu a Victoria Island da Ikoyi, kuma duk tare suke fitowa. Na zauna ina kallon agogo, ina kallon wani yaro mai tallar burodi da ya wuce mu sau uku, mu kuwa ko tsawon filin ƙwallo ba mu ci ba. Ƙarfe tara da kwata muna ƙarƙashin gadar Ajah. Da muka samu muka hau doguwar gadar nan ta Third Mainland, mai kusan kilomita 12, hanya ta buɗe, direba ya taka, na fara sa rai. Sai ya juyo ya ce wace tasha? Ashe tashoshin jiragen cikin gida biyu ne a Ikeja, tsohuwa da sabuwa, ni kuwa ban duba tikitina ba. Ya kai mu wadda ba ita ba. Kafin mu kwashi akwatuna mu isa ɗayar, an rufe kanta. Jirgin yana ƙasa, ana ganinsa, amma matar da ke wurin ko ɗaga kai ba ta yi ba.

To ga inda abin ya yi ciwo. Don in rage 'yan kuɗi, tikitin Legas zuwa Abuja na saye shi a kamfani ɗaya, na Abuja zuwa Gombe a wani. Na biyun babu ruwansu da abin da ya same ni a Ajah. Kujera goma na biya, ko ɗaya ba mu zauna a kai ba. Da na lissafa tarar canjin tikiti da sababbin da na saya da otal na kwana biyu, ribar lodi guda cur ta tafi. Uwargida ba ta ce komai ba sai da muka zauna cin abinci, sannan ta ce, "Baban yara, ai mai gadi ya faɗa maka." Har yau in muka yi musu a gida sai ta tuno mini da mutumin Azare.

Tun daga nan ba na kwanan ƙarshe a bakin teku. Ana gobe tafiya, da tsakar rana nake tattara kowa mu koma Ikeja ko Agege mu kwana. Wasu abokaina na cewa ɓarnar kwana ɗaya ce da aka biya kuɗin hutu, su dai sammako suke yi ƙarfe huɗu. Su suka sani. Ni ba zan tashi yara cikin dare in bi hanyar da ban san ta ba. Kuma kada wani ya ce zai guje wa gosulon safe da jirgin yamma, abin da angon namu ya yi ke nan. Da yamma cunkoson juyawa yake yi, duk masu tashi aiki da masu dawowa daga yawon ƙarshen mako suna neman tsallakawa. Ga manyan motoci sun ƙaru a hanyar tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar mai a 2023.

Batun haɗa jirgi biyu kuwa, ko dai tikiti ɗaya a kamfani ɗaya, ko ka shirya kwana a Abuja. Jiragen da ke sauka a filin jirgin Gombe da ke Lawanti ba su da yawa, in na yau ya wuce ka ba lallai ka samu wani ba sai gobe. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ga hazo, ana iya ɗage tashi ko a soke gaba ɗaya, kana zaune da takardar shiga a hannu. Mutane na mantawa da filin jirgin Bauchi, alhali daga can zuwa Gombe kimanin kilomita 150 ne, ka bi ta Dindima da Alkaleri awa biyu ka iso. Ka duba duka biyun kafin ka biya.

Kuskure na biyu shi ne na masu ƙarfin hali, kuma shi ya fi ba ni haushi, don na farko kuɗi yake ci, wannan rai yake nema. Mutum ya sayi mota, yana so a ga lambar Gombe a bakin teku, sai ya ce zai tuƙo daga Legas har gida a zama ɗaya. Kai ɗan'uwa, sama da kilomita 1,200 ne fa! Ka kwana uku kana shan rana da iskar gishiri, kana hira har tsakar dare, sannan ka ce za ka riƙe sitiyari awa ashirin? Wa kake so ka burge?

Ni na yi, shi ya sa nake da bakin faɗa. Ni da wani abokina muka bar Legas bayan Asuba. Ibadan, Ife, Akure, Owo, Okene, duk lafiya lau. Muka tsallake Neja bayan Lokoja da la'asar, muka shiga Abuja ana kiran Magariba. A nan ya kamata mu kwana. Abokina ya ce, "Haba Alhaji, ai mun zo gida, mu ƙarasa Jos mana." Muka sha shayi a Mararraba, na sayi goro, muka ɗau hanyar Keffi da Akwanga. Wajen sha biyun dare muna hawan Kibo, manyan motoci na jan ciki a gabanmu, shi ya riga ya yi barci baki buɗe. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Ƙarar ƙarfe ce ta tashe ni, ƙafar gaba ta dama na cikin kwata, lagireto na zubar da ruwa. Da ɓangaren ramin motar ta karkata, da wani ne ke ba ku wannan labari. Muka kwana a cikin motar, ni da 'yar shara-sharar rigar da na baro Legas da ita, sanyin Filato yana shiga har ƙashi. Goron yana bakina ban ma tauna ba.

Yanzu in da motata zan tafi, kwana biyu nake ware wa hanya. In kwana a Lokoja ko Abuja, kuma da an kira Magariba na ajiye makulli, ko saura kilomita nawa. Ba barci kaɗai ba ne dalili, kowa ya san halin tsaro a wasu sassan hanyar nan bayan duhu. Sannan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, in ku biyu ne kacal a motar, ku zauna ku lissafa mai da otal da abin da za a bari a shingaye, za ku ga arahar da kuke zato babu ita. Motar gida tana da riba ne in iyali sun cika ta. In kun dawo, a wanke ƙarƙashinta da kyau, iskar teku tana sa tsatsa.

Motar haya fa? Doguwar bas ta dare ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma in kana da kaya da yawa babu kamarta. Na hau ta ba adadi ina saurayi. Amma ba zan sa mace da yara a ciki ba, kuma duk wanda ya ce maka gobe da rana kana Gombe, ka ƙara masa rabin yini. Abin da na fi yi yanzu, wanda mutane da yawa ke rainawa, shi ne raba tafiyar: jirgi daga Legas zuwa Abuja, don jiragen wannan layi suna da yawa, in ɗaya ya wuce akwai wani; in kwana; in hau motar farko ta safe zuwa Gombe, in yi La'asar a gida ko kusa da gida. Ya fi jirgi biyu sauƙi, ya fi kwana a bas mutunci.

A tasha kuma kada ka ga mutum huɗu a Sienna ɗan kamasho ya ce saura biyu ka yarda. Ka duba but. In babu kaya, 'yan zaman cika ido ne, kana biya za su fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Motar bakin titi kuwa, a Legas ko Abuja, ko kyauta ce ban shiga.

Akwai masu zuwa mini da zancen jirgin ƙasa, yawanci don sun ga hotuna a Facebook. Tsohon layin dogo ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964, iyayenmu sun hau shi har Kudu. Yau ba abin da za ka dogara da shi ba ne. Sabon jirgin da aka buɗe a 2021 daga Ebute Metta yake tashi ya tsaya a Moniya, bayan garin Ibadan. Yana da daɗi, yara za su so shi, amma in ka sauka ko kwatar tafiyarka ba ka yi ba, kuma sai ka nemi abin da zai kai ka tasha. Na Abuja zuwa Kaduna, daga Idu zuwa Rigasa, ba hanyarmu ya nufa ba.

Sauran ƙananan ba sai na ja su ba. In Tarkwa Bay ka sauka, sai da kwale-kwale ake fita, kada ka sa shi cikin lissafin ranar jirgi, kuma ka sa rigar kariya ko matuƙin ya yi maka dariya. Kada ka sa ran acaɓa zai cece ka daga gosulo, an hana shi a Eti-Osa da Ikeja tun 2022. In dattijo ya ce ka je Bar Beach, ka ce to kawai, an cike wurin an gina Eko Atlantic. Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na katin shaida, ba sunan da ake kiranka da shi a majalisa ba. Ka riƙe tsabar kuɗi, taransifa tana maƙalewa daidai lokacin da direba ke jira. Jiƙaƙƙun kayan wanka a leda daban, in ba haka ba kafin Akwanga shaddarka ta yi warin kifi. Rigar sanyi a hannu, ba a ƙasan akwati ba. Ƙarshen damina a tambayi labarin Lokoja kafin a taso. A Oktoban 2022 ambaliya ta datse hanya wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Angon namu dai na tura shi Agege wurin wani abokin cinikina suka kwana. Ya samu jirgin Abuja na Litinin da rana, Talata da safe suka hau mota. Da Magariba ya shigo gaishe ni, hanci duk ya saɓule da rana, ya ajiye mini ledar busasshen kifi. Na ce, "Ba wanda ya gaya maka ka fito da wuri?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, mai gadin wurin ya faɗa."