Yadda Malami Zai Auna Burinsa a Kan Ɗalibin da Karatu Ke Ba Wuya

Matakin farko shi ne malami ya gano ainihin inda yaro ya tsaya, domin manhaja tana faɗin inda ya kamata ya kai ne kawai. A keɓe minti goma a zauna da shi, a ba shi baƙaƙe, sannan kalmomi, sannan ɗan gajeren labari, a lura da inda harshensa ya fara sarƙewa. Da irin wannan gwaji ne ƙungiyar Pratham ta Indiya take karkasa yara gwargwadon abin da suka iya, maimakon shekarunsu ko ajinsu.

Daga nan sai a tsayar da buri guda, ƙarami, wanda za a iya gani da ido cikin makonni kaɗan. Masanin nan na Rasha, Lev Vygotsky, ya nuna cewa koyo ya fi kankama a kan abin da yaro bai iya shi kaɗai ba amma zai iya idan aka ɗan tallafa masa. Barak Rosenshine kuwa, wani masanin koyarwa na Amurka, ya ba da ma'auni mai amfani, wato ɗalibi ya riƙa dacewa da kimanin kashi 80 cikin 100 na amsoshinsa yayin atisaye. Idan kuskurensa ya fi daidansa yawa, aikin ya yi masa nauyi, sai a sassauta.

Abin da ya fi karya gwiwar malamai shi ne mantuwa. Yaro ya iya aro a lissafin ragewa ranar Talata, ranar Alhamis kuma ya rubuta cewa 52 a cire 38 saura 26, saboda ya koma cire ƙaramar lamba daga babba a kowane gida. Malami ya sa wannan a lissafinsa tun farko. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa sabon abu yana saurin zubewa daga ƙwaƙwalwa idan ba a waiwaye shi ba, don haka bitar minti biyar a kowace rana ta fi doguwar bita a ƙarshen zango. Kuskure irin wannan ma, a ganina, abin farin ciki ne, tunda ya tona wa malami yadda yaron yake tunani.

Sai dai rage girman mataki daban ne da yanke ƙauna. Binciken Rosenthal da Jacobson na 1968 a Amurka ya nuna cewa zaton malami yana iya shafar ƙwazon ɗalibi, ko da yake masana sun yi ta muhawara kan girman tasirin. Yaro yana gane an fitar da rai da shi daga ranar da aka daina yi masa tambaya a aji.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin allo da alli. Idan yaro yana ƙanƙance ido, ko yana yawan cewa a maimaita, ko wata da watanni sun shuɗe babu motsi, a sanar da iyaye da shugaban makaranta domin a duba ganinsa da jinsa, a kuma nemi ƙwararre kan matsalolin koyo.