Yadda ake sayen sabbin kayan kyamara ba tare da an yi da-na-sani ba

Duk inda masu sha'awar ɗaukar hoto suka haɗu, ba a jimawa hira take komawa kan kaya: wane ya sayi sabuwa, wacce ce ta fito bana, wacce ta fi yawan megafiksel. Kafin a watse sai mutum ya fara raina tasa, alhali ko jiya ta yi masa aiki. Hirar akwai daɗi, amma hotunanka ne ya kamata su faɗa maka abin da za ka saya.

Don haka ka fara da buɗe hotunan da ka ɗauka a 'yan watannin nan, ka ware waɗanda suka ɓaci. Kowane hoto yana ɗauke da bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara take ajiyewa a cikinsa, inda za ka ga saurin shata (tsawon lokacin da kyamara take buɗewa haske ya shiga), da ISO (yadda take jin haske), da tsawon lens ɗin da aka yi aiki da shi. Idan galibinsu sun yi hazo-hazo a cikin ɗaki, shata tana kan 1/15 na daƙiƙa, to haske ne bai ishe ka ba, maganinka lens mai faɗin ƙofa, wato ramin da haske yake shiga, ko filasha. Idan kullum zum ɗinka a ƙure yake kuma sai ka yanko hoton daga baya, dogon lens kake bukata. Sai in kyamarar ce take kasa kama tsuntsu a sama ko yaro a guje sannan za a fara maganar canza ta.

Na biyu, ka san bakin kyamararka, wato inda lens yake shiga ya kulle. A nan mutane suka fi tafka asara, domin sunan kamfani kaɗai bai isa ba. Canon tana da bakin EF tun 1987, ta fito da RF a 2018. Nikon tana da F tun 1959, ita ma ta kawo Z a 2018. Sony tana amfani da E, Fujifilm kuma X. Tsohon lens na EF zai hau kyamarar RF da adafta, amma na RF ba zai taɓa hawa tsohuwar kyamarar EF ba. Dalili shi ne tazarar da ke tsakanin baki da sensa, wato farantin da hoto yake sauka a kansa a cikin kyamara: milimita 44 ce a EF, 20 a RF. Adafta tana iya ƙara tazara, ba ta iya rage ta. Masu Nikon kuma su lura, tsofaffin lens na AF-D suna hawa kyamarar Z da adaftar FTZ, sai dai da hannu za ka riƙa saita fokas ɗinsu.

Daga nan sai lissafin sensa. Cikakkiyar sensa milimita 36 ce a faɗi, 24 a tsaye. Idan taka ƙarama ce, wadda ake kira APS-C, ka ninka lambar lens da 1.5, ko 1.6 in Canon ce. Kenan lens mai 50mm zai nuna maka kamar 75mm ko 80mm: ya yi kyau da hoton fuska, amma a ƙaramin ɗaki sai ka manne da bango ba ka haɗa mutum huɗu ba.

In kuɗin na abu ɗaya ne, ni dai lens zan ce ka saya. Wanda ake haɗowa da kyamara, 18-55mm, ƙofarsa tana tsukewa zuwa f/5.6 idan ka ƙure zum ɗinsa (girman lambar f, ƙanƙantar ƙofa). Ƙaramin 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan, ga shi yana cikin mafi araha a kusan kowane kamfani. Megafiksel kuwa kada ya ɗauke maka hankali. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 sau 4000, allon 4K kuma bai wuce megafiksel 8.3 ba.

Ƙananan kaya su ne ake mantawa da su sai an gama kashe kuɗi. Babbar lambar da ke fuskar katin memori yawanci saurin karantawa ce, ba ta rubutawa ba. Ka nemi alamar V: V30 na nufin ba zai yi ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa ba wajen rubutu, akwai kuma V60 da V90 don bidiyo mai nauyi. Katin UHS-II yana da layi biyu na haƙoran ƙarfe a baya, kuma in kyamararka ba ta san shi ba, ka biya kuɗin saurin da ba za ka gani ba. Batir na biyu dole ne ga kyamara marar madubi, don allonta yana shan caji. Filta kuma ana sayen ta ne da lambar da ke kusa da alamar ø a jikin lens, kamar 58 ko 67. Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku ne kawai zan hana ka yi wa ƙwauro: mai rawa in iska ta kaɗa bai fi babu ba, sayen nagari kuwa mayar da kuɗi gida ne.

Idan za ka nemi shawarar abokan sana'a, kada ka ce "wacce ta fi kyau?", kowa tasa zai yaba. Ka faɗi abin da kake ɗauka, da kyamarar da ke hannunka, da iyakar aljihunka, sannan ka tambayi mai kayan abin da yake ba shi haushi da su. In da hali ka ari lens ɗin ka yini da shi, nauyinsa a wuya ba ya fitowa a talla.

Ranar saye, ka tabbatar garantin yana aiki a ƙasar da kake, domin kayan da aka shigo da su ba ta hannun dillalin kamfani ba sau da yawa ba a karɓar gyaransu kyauta. Ka adana rasit da kwali, ka gwada kayan tun wa'adin mayarwa bai cika ba. Ka manna jarida a bango, ka tsaya daidai gabanta, ka ɗauka da ƙofar lens a buɗe, sannan ka duba kusurwoyi huɗun a kwamfuta. In ɗaya ta fi sauran dishi-dishi sosai, gilasan ciki ba su zauna daidai ba, ka mayar. Sabuwar kyamara kuma ka ɗauki farin bango da ita a f/16 don ganin ƙurar sensa, sannan ka rufe murfin lens ka ɗauki baƙin hoto, ka duba ko akwai ɗigon ja ko kore da yake fitowa wuri ɗaya a kowane hoto.