Yadda Za Ka Duba Makarantar Ɗanka a Kano

Ni dai a nan Gwale, in zan sa yaro a makarantar gwamnati, banɗaki nake fara dubawa. Inda babu ruwa, 'yan mata masu tasowa su ke fara ƙaurace wa karatu, abin yana ci mini rai.

Sannan ka leƙa aji da tsakar rana, musamman a bazara. Yara nawa ne a ƙasa? Iska tana shiga?

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, don haka kana da bakin magana. Kai ƙorafinka a rubuce ga kwamitin SBMC na makarantar, wato kwamitin iyaye da malamai da mutanen unguwa da ke sa ido kan yadda ake tafiyar da ita. In ka ji shiru, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.