Yadda Ake Sa Yaji a Wasan Barkwanci Ba Tare da Zagi Ba

Masu kallon tele da yawa suna cewa wasannin ban dariya na yanzu sun yi lami, marubuta sun zama matsorata. Ba mu kaɗai ke wannan ƙorafi ba. A watan Afrilun 2024 ɗan barkwancin Amurka Jerry Seinfeld ya ce gudun ɓata wa mutane rai ya kashe ban dariya a talabijin, bayan wata shida kuma ya fito ya janye maganar. A Ingila, cikin Yunin 2020, BBC ta sauke shirin Little Britain daga dandalinta na intanet saboda Turawan da ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata. Ni da nake rubuta wa ƴar ƙungiyarmu gajerun wasanni a nan Maradi, na yarda tsoron akwai shi, amma ƙiwa ta fi shi yawa. Marubucin da bai iya komai ba sai zagi, ranar da aka hana shi zagi sai ya ce an hana dariya. Ga yadda nake bi da nawa rubutun.

Kafin ka rubuta magana mai zafi, duba bakin wa za ka sa ta. Mu muna da abin da marubutan Amurka ba su da shi, wato wasan taubasantaka: Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, kaka da jika, matar wa da ƙanin miji. Tun 2014 UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya. Maganar da in baƙo ya faɗa za a ɗauko sanda, in taubashi ya faɗa dariya za a yi. Saboda haka in wasanka yana buƙatar a muzanta jandarman da ke tsaye a shinge, sa jandarman ya zama Bazabarme, fasinjan kuma tsohon Bagobiri daga Tibiri. Jandarma ya ce a kawo takardu, tsoho ya leƙo ta taga ya ce, "Yau kuma bawa ke tambayar ubangidansa takarda?" An buɗe ƙofa ke nan. Daga nan tsohon zai iya tambayar ina jikar kuɗin da direba ya dunƙula wa jandarma ta shiga, kuma ba wanda zai ce an ci mutuncin kaki.

Sharaɗi biyu ne. Dole wanda aka tsokana ya rama a cikin fitowar nan, kar a bari sai mako mai zuwa, don wasan da gefe guda ke sha kullum ya tashi daga wasa. Kuma a gane dangantakar tun daga farkon bidiyon, ta karin harshe ko ta gaisuwa, saboda mai kallo a Kano ko Agadas bai san ƴan wasanka ba.

Sai ka zaɓi abin da kake wa dariya: hali, ba halitta ba. Gurgu, makaho, mai i'ina, baƙauyen da ya shigo birni yana tsoron injin niƙa, duk an tatse su, kuma dariyar araha ce. Mutum bai zaɓi ƙafarsa ba, amma shi ya zaɓi rowarsa da ƙaryar arzikinsa. In ka duba wasannin gargajiyarmu za ka ga sama suke harbi. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa. A wasan kara na Damagaram samari na shigar manyan ƙasa suna tafiyarsu da maganarsu. Ƴan kama da rawani da alkyabbar tsumma suke fitowa kamar manyan malamai, karatun duk na tuwo da miya. Ƙungiyar Yazi Dogo ta daɗe tana taɓa ma'aikacin biro da ɗan kasuwa mai haɗama a gidan rediyo da telen ƙasa, har a zamanin soja. Wanda ya ce kakanninmu ba su san barkwanci mai cizo ba bai kalli tashe da kyau ba.

Bari in nuna da wasa guda, don a nan aikin yake. Muna son taɓa masu sadaka don a gani. Hanyar ƙiwa ita ce a sa wani ya tsaya ya ce, "Alhazan garin nan munafukai ne." Wannan ba dariya, ga shi kuma ya jawo faɗa. Abin da muka yi: Alhaji cikin babbar riga a ƙofar gidansa, yana miƙa wa wata tsohuwa buhun shinkafa, yaronsa na ɗauka da salula. Tsohuwa ta kama buhu tana sa albarka. Yaro ya ce, "Alhaji, batir ya mutu." Alhaji bai saki buhun ba. Ya ce, "Inna, ɗan dakata, a sa caji." Aka zauna jira, kowa da hannunsa a kan buhu, ba mai magana. Wannan shirun shi ne wasan, kar ka cika shi da surutu. Da aka sake ɗauka sai Alhaji ya ce ba ta yi kuka ba, a sake. A karo na uku, tana ɗora buhun a ka, ta juyo ta ce, "Alhaji ɗana, wannan da ka ba ni sau uku, lada uku za a rubuta maka ko ɗaya?"

Lura da abin da ya faru. Ba a zagi kowa ba, ba a yi wa'azi ba. Maganar ƙarshe a bakin mai rauni take, kuma tambaya ce, da ladabinta. Zafin ya fito daga ƙananan abubuwa na gaskiya: batir, caji, hannun da ya ƙi sakin buhu. In wasanka ya yi sanyi, kar ka ƙara ashar, koma ka nemo irin waɗannan. Zauna a Babbar Kasuwa ko tashar mota da ɗan littafinka, ka ji yadda dillali ke rantsuwa da yadda ɗan kabu-kabu ke ciniki.

Kar ka kama suna, kar kuma ka yi abin da ya fi kama suna muni, wato kwaikwayon hula da murya da motar mutum sananne. Maradi ba ta da girman da za ka ɓoye wannan, kowa ya san motar kowa. Haɗa halin mutum uku ka yi mutum guda, ka ba shi sunan da ba na kowa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi zai gane kansa, amma ba shi da abin kai ƙara. Wannan ba tsoro ba ne, sanin doka ne. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi. An cire ɗaurin a 2022, aka dawo da shi a Yunin 2024, shekara 1 zuwa 3. A Kano, cikin Nuwamban 2022, kotu ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan Ganduje, gwamnan jihar na lokacin. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma, duk da farin jininsa, ya shiga kurkuku a 2008 a rikicinsa da hukumar tace finafinai. Bidiyonka kuwa ba ya tsayawa kan iyaka a Ɗan Isa a duba masa takardu, da yamma yana Katsina.

Addini: aya da hadisi da sallah ba kayan wasa ba ne, haka saɓanin ɗarika da izala. Kwaɗayin mai tsibbun da ke cewa aljani na son baƙin rago mai ƙiba, wannan halin ɗan Adam ne, taɓa shi. Batsa kuwa, in za a gane ta ba tare da an faɗa ba, ta wuce. In sai an faɗa, cire ta.

Kafin ɗauka, karanta rubutun a fada wajen shayi, amma kar ka tsaya ga abokanka, su ko tari ka yi dariya za su yi. Nemo wanda wasan ya shafa. In kan mushen lekwal ne, wato malamin makaranta, karanta wa mushe. In kan kishiyoyi ne, karanta wa mace mai kishiya, ka bar ta ta gyara maka, don abin da za ta faɗa ya fi naka zafi nesa ba kusa ba. Ka kasa kunne ga irin dariyar: akwai wadda mutum ke yi yana cewa "wallahi haka ake yi", akwai wadda yake yi yana kallon ƙasa. Ta biyun alama ce ka taka wani abu, koma ka duba.

Bayan an haɗa bidiyo, kunna shi daga tsakiya ka kalli daƙiƙa 30 kawai, don haka za a yanko shi a watsa a WhatsApp. In guntun nan shi kaɗai ya koma cin mutuncin wata ƙabila ko wasu mata, matso da ramuwar kusa, ko ka sake yanka.

Saura mai talla. Sau da yawa ba hukuma ke dakushe wasa ba, ɗan kasuwar da ya biya kuɗin ɗauka ne, yana gudun kar abokin cinikinsa ya ga kamar da shi ake. Karanta masa rubutun tun kafin ka karɓi ko dala, ku daidaita a kan abin da ba za a taɓa ba. Layin da ka san zai tsaya masa a wuya, ɗauke shi iri biyu, mai zafi da mai dama-dama, ka fara nuna masa mai zafin yana zaune cikin mutane. In suka yi dariya a gabansa, da wuya ya ce a cire.