Yadda ake rage ƙiba da tumbi ba tare da an yi sallama da tuwo ba

Ana saura mako uku ƙaramar sallah na kai shadda wurin telan da ya shekara bakwai yana min ɗinki. Ya ɗauko tsohon littafinsa na awo, ya buɗe shafina, ya kalli shafin ya kalle ni, sai ya rufe littafin ya zaro tef daga wuyansa. "Yallaɓai, bari dai mu sake awon nan." Ya zagaya tef ɗin a cikina, ya soke 36 ya rubuta 42. Yaran shagon suka ce hutu ya zauna, Allah ya ƙara buɗi. Na yi dariya tare da su, amma a ranar, ina hawa benen wurin aikinmu mai hawa biyu, sai da na tsaya a tsakiya ina haki kamar wanda kare ya biyo.

Abin da zan zayyana a nan shi ne hanyar da na bi, kuma ita ce wadda masana lafiya ke nunawa. Babu wani abincin da za a nemo a babban kanti, duk a kasuwar unguwa ake samunsu.

Mataki na farko: auna kanka

Ido maƙaryaci ne, babbar riga kuma mai rufa asiri ce. Nemi sikeli, ko a kemis ko a asibiti, ka hau da safe kafin ka ci komai, ka rubuta nauyin da kwanan wata. Akwai lissafin da ma'aikatan lafiya ke kira BMI: a raba nauyi na kilo da tsayi na mita sau kansa. Mai kilo 90 da tsayin mita 1.70, zai raba 90 da 2.89, ya samu 31. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin cuta.

Ni dai na fi yarda da igiya. Samu zare ko igiyar shanya, ka auna tsayinka daga tsakar kai zuwa diddige, ka yanke, ka ninka gida biyu, ka zagaya ta a cikinka ɗan sama da cibiya. Idan bakin igiyar biyu ba su haɗu ba, ƙugunka ya wuce rabin tsayinka, kuma kitsen ciki ya taru. Shi wannan kitsen na ciki shi ne mugun, domin shi ke lulluɓe hanta da hanji, shi ke jan mutum zuwa ciwon sukari da hawan jini.

Sai ka yanke wa kanka buri mai hankali. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar da jiki ke iya ɗauka. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90, ya isa a ga canji a awon jini da na sukari. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, su fara da ganin likita, domin rage abinci a kan magani na iya faɗar da sukari farat ɗaya. Mai juna biyu kuwa ba lokacin rage nauyi ba ne gare ta.

Mataki na biyu: fara da kofi, ba da kwano ba

Yawancin mutane da sun ƙudura rage ƙiba, tuwo suke fara ɗaura wa laifi. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin da muke kurɓa ya fi abin da muke taunawa ɓarna, saboda ruwan zaƙi ba ya ƙosarwa. Ka sha lemon kwalba, bayan minti goma ka zauna ka tashi da malmala biyu kamar ba ka sha komai ba.

Tsaya gaban teburin mai shayi wata safiya ka ƙirga. Cokalin sukari uku, wani lokaci huɗu, sannan madarar gwangwani, sannan Bournvita ko Milo waɗanda su ma da sukarinsu, sai a sheƙa daga wannan kofi zuwa wancan har kumfa ta taso. Ga burodi an shafe shi da bota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum ke ƙarawa a ci da sha kada ya wuce wajen giram 50 a wuni, kimanin ƙaramin cokali 12, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Lemon kwalba da yawa na ɗauke da wajen giram 10 a kowace mililita 100, ke nan roba ɗaya mai santilita 50 ta cinye kason wuni guda. Juya robar ka karanta abin da aka rubuta a jikinta. Ba banza ba gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021.

Kada kuma a ce na gida lafiya lau ne. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa, sukari ake zabga musu don su shiga kasuwa. Haka lemon malt da ake haɗawa da madara wai ƙarin jini, ƙarin tumbi dai.

Yadda za ka yi: makon farko rage cokali ɗaya daga shayinka, mako na biyu ka sake rage ɗaya. Harshe yana sabawa, bayan wata guda shayin da ka saba sha zai gundure ka. Lemon kwalba ka mayar da shi na ranar biki. Zoɓo a dafa a gida da citta da kanumfari, a sa ɓawon abarba don ƙamshi. Fura da nono ba laifi, amma ita kanta abinci ce: in ka dama fura da rana, ta zama abincin ranarka, ba abin kora shinkafa ba, kuma ba sai an zuba mata sukari ba. Ruwa kuwa a riƙa sha, musamman kofi ɗaya ko biyu kafin a zauna cin abinci.

Mataki na uku: mai

Nan ne uwargida ke da iko fiye da kowa. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), alhali giram ɗaya na sitacin da ke cikin hatsi ko na furotin da ke cikin nama 4 ne. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, abin da sai mutum ya yi tafiyar wajen rabin awa kafin ya ƙone shi. Yanzu tuna yadda ake tuttula mai daga galan kai tsaye cikin tukunya, da yadda yake kwanciya ja wur a saman miyar dage-dage, da yadda ake malala shi a kan garau-garau da ɗan wake. Man gyaɗa, manja, man shanu, duk a wannan fanni jirgi ɗaya ya kwaso su.

A ajiye cokali kusa da galan, a riƙa aunawa. A kwashe man da ya taso saman miya. A sauya hanyar dahuwa inda ta yiwu: waken da za a yi ƙosai da shi a yi alale, kifi a gasa ko a yi farfesu, dankali a dafa, awara a jefa ta cikin miya maimakon a tsoma ta a kaskon suya. Kaza a cire fatar. A wurin mai nama, ka ce ya yanko maka tsoka, ya bar kitsen da yake ɗorawa a matsayin gyara.

Mataki na huɗu: sake fasalin kwanon

Tuwo na nan daram, girmansa ne zai sauya. Raba farantinka a ido: rabi ganye da kayan lambu, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake, kwata tuwo ko shinkafa ko taliya. Malmala kamar dunƙulen hannunka, miya kuwa a cika ta. Mu da Allah ya ba kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kabewa da yalo, ba mu da uzuri. Abin da ake so shi ne giram 400 na ganye da ’ya’yan itace a wuni, kuma kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli, ko faten tsaki da aka cika wa ganye, sun kai mutum nesa a wannan lissafi. Tuwon dawa da na gero da acca sun fi farar shinkafa da fulawa riƙe ciki, saboda dusarsu ba ta gama fita ba. ’Ya’yan itace a ci su da ƙwarinsu, gwaiba, gwanda, kankana, lemu, maimakon a matse ruwan a zubar da tuƙar.

Wata matsala da ba a cika faɗa ba ita ce cin abinci a tire ɗaya. Akwai albarka da zumunci a ciki, amma ba ka sanin iya abin da ka ci, kuma hannu na bin saurin na kusa da shi. Zuba naka a ƙaramin kwano ka zauna cikin jama'a ka ci a hankali. Ƙoshi yana ɗan jinkiri kafin ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai loma da sauri yake wuce iyaka bai sani ba. Hadisin nan sananne da ya kasa ciki gida uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, tun muna yara muke jinsa a makarantar allo, aikin ne dai ya gagara.

Kada ka ce za ka bar karin kumallo da abincin rana don ka rame da wuri. Wanda ya wuni da yunwa, da dare zai rama har da riba, yawanci a wurin mai Indomie da ƙwai ƙarfe sha ɗaya. Matso da abincin dare kusa da magariba, ka sa ya fi na rana sauƙi. Mai azumin Litinin da Alhamis ma ya kula da buɗa baki: in aka jera ƙosai, soyayyen dankali, kunu mai sukari da lemo, an mayar da abin da aka rage tun kafin isha'i.

Mataki na biyar: taka ƙasa

Ƙa'idar ita ce aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 sau biyar. Matsakaici yana nufin tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙara biyar duk mako. Bayan sallar asuba ya fi, kafin rana ta buɗe, musamman a watannin bazara. Da hunturu a rufe hanci saboda ƙura. Takalmi ya zama mai rufi da taushin ƙasa, silifa na gajiyar da ƙafa. In ba ka da lokaci na musamman, sauka daga adaidaita sahu kafin a kai inda za ka, ka ƙarasa da ƙafa, ka daina aiken yaro shagon da ke bakin layi.

Matan da ba su cika fita ba, tsakar gida ta wadatar. Zagaye ta da sauri na minti goma sau uku a wuni daidai yake da minti talatin a jere. Ga shara da wanki da daka, ga rawa a ɗaka in an kunna waƙa. Tsallen igiya na da kyau, amma mai nauyi sosai ta bari tukuna don gwiwa.

Kwana biyu a mako a ƙara da aikin ƙarfi, domin mai rage abinci yana zubar da tsoka tare da kitse in bai motsa ta ba. Zauna a kujera ka miƙe sau goma ba tare da dafa komai ba, ka huta, ka maimaita sau uku. Dafa bango ka tura jikinka gaba da baya. Cika jarka mai lita 5 da ruwa, kilo 5 ke nan, ka riƙa ɗagawa. In ka ji ciwon ƙirji ko jiri, tsaya nan take ka nemi asibiti.

Motsa ciki kaɗai ba ya narkar da tumbi, jiki daga ko'ina yake ɗebo kitsen da zai ƙona. Bel ɗin ɗaure ciki da rigar leda mai sa gumi kuwa ruwa suke fitarwa, kana shan kofi biyu ya dawo. Kuma motsa jiki ba lasisin ci ba ne. Na taɓa yin wata guda ina tafiyar asuba ina dawowa ta wurin mai waina, sikeli ko gezau.

Abin da za ka guje wa, da abin da za ka ji daga bakin mutane

Shayin rage ƙiba da ake talla a Facebook da TikTok, da yawansu maganin gudawa ne ko na sa fitsari. An sha gano sinadarin sibutramine a cikin irin waɗannan kaya a ƙasashe daban-daban, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Duk abin da babu lambar NAFDAC a jikinsa kada ya shiga bakinka. Abin mamaki, kasuwar da ke sayar wa wata sha-ka-fashe don ta yi ƙiba, ita ce ke sayar wa ƙawarta shayin ramewa.

Barci ma yana cikin lissafi. Wanda ba ya samun awa bakwai ya fi jin yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari.

Hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Za a kai wani gaɓa, wata na biyu ko na uku, da nauyin zai tsaya cak. Jikin da ya ragu buƙatarsa ta ragu, don haka sai a ƙara minti goma a tafiya, a sake duba inda mai da sukari suka lallaɓo suka dawo. Igiyar nan takan nuna ci gaba ko a makon da sikeli ya ƙi motsi.

Sai ka shirya wa tambaya. Da fuska ta fara faɗawa za ka ji "Lafiya kuwa? Ka rame," wasu har su tambayi iyalinka a ɓoye ko kasuwa ce ta karye. Gwaggona da na je gaishe ta, kallo ɗaya ta min ta ce, "Ɗan nan, ba a ba ka abinci ne a gidan?" Ta sa aka kawo tuwon shinkafa malmala uku da man shanu yana naso. Ban yi mata bayanin kalori ba. Na ce, "Gwaggo, gwiwa ce ke damuna, aka ce in rage nauyi." Na ci ɗaya, na yaba miyar, na roƙi a juye min sauran a kwano in tafi wa yara da shi.